Malam Maharazu da Haƙorin Makkan Hajiya Safara'u

Kafin rana ta leƙo kan duwatsun Faskari, Malam Maharazu ya riga ya share ɗakin shan magani, ya cika randa, ya ɗora ruwa a risho. Masu tari da masu zazzaɓi su jeru a benci. Masu ciwon haƙori kuwa ba su iya zama, sai zagaye, hannu a kunci. Haka ya yi aiki a Ƙanƙara, haka ya yi a Sabuwa, haka yake yi a nan har wannan wata da zai ajiye aiki.

Shekarun nan da kuɗin mai suka shigo, sukari da minti da lemon kwalba sun isa ƙauyukan da ko kwalta ba ta isa ba, haƙoran mutane kuma sun ji jiki. Kowa ya zo maganarsa ɗaya: "Malam, cire mani shi in huta." Yana da ƙarfen cirewa, ya kuma iya, amma ban taɓa ganin mai rowar haƙoran mutane irinsa ba. Sai ya ba ka ruwan randa ka kurɓa, ya ba ka mai zafi, ya ƙwanƙwasa haƙorin da gindin cokali yana kallon idonka. In zogin ya zo ya wuce nan take, ya ce ciko ya isa. In kuwa ya daɗe yana bugawa bayan ruwan zafi, ko yana tsananta in ka kwanta, ko ka zabura da ya ƙwanƙwasa, to ciwo ya kai jijiya. Sai ya tura ka Zariya, inda likitan haƙori zai huda shi, ya wanke saiwar, ya cike. Ni ma na taɓa fita daga wurinsa ina ƙunƙuni, ga shi da haƙorin nake tauna masara yau.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gwaggona, Hajiya Safara'u ta Mabai. Lokacin Malam yana Ƙanƙara. Ta tafi aikin Hajji tare da mijinta, Alhaji Nata'ala, shi ya kai ta wurin mai haƙori a Makka, ya zaɓa mata na zinariya aka sa a kan nata na sama. Kafin jirginsu ya taso, Allah ya karɓi ransa, aka binne shi a can.

Ba a jima ba haƙorin ya fara yi mata ciwo. Ta ɓoye, tana cusa kanumfari, tana tauna da gefe ɗaya. Wanda duk ya ambaci asibiti sai ta haɗe rai, don ta san can cirewa ake yi. Ana nan, ciwon ya ɗauke ɗif. Murna har da sadakar waina.

Ɗanta Gide ya gamu da Malam a kasuwar Ƙanƙara, ya ce, "Malam, ciwon haƙorin da Hajiya ke hwama da shi ya tahi da kanshi."

"Da kanshi? Mi aka yi mashi?"

"Ba komi wallahi."

Washegari sai ga babur ɗin Malam a ƙofar gidanmu. Ina zaune aka yi masa iso.

"Hajiya, an ce an samu sauƙi."

"Sauƙi ya samu, Malam. Kai da ƙarhenka sai ku koma."

"Ban zo da ƙarhe ba, ga hannuna. Leɓe kawai za ki ɗaga mani."

Ta ɗaga leɓen tana cewa, "To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." A dasashi, daidai saman zinariyar, ga wani ɗan ƙurji kamar ƙwayar dawa. Ta ce yakan fito ya fashe, ba ya damunta.

Malam ya sassauta murya. "Hajiya, haƙorin nan ba warkewa ya yi ba. Jijiyarshi ta mutu, shi ya sa ya yi shiru. Mugunya na nan ƙarƙashi tana cin ƙashi. In aka bari har huska ta kumbura, ba mai iya tsai da shi."

Ban taɓa ganin hawayen gwaggona ba sai ranar. Ta ce, "Alhaji ya zaɓa mani shi. Mu biyu muka tahi, da shi kaɗai na dawo. In cirewa ce, a bari sai ranar da za a yi mani wanka."

Wani da sai ya ce mata ai ƙarfe ne kawai. Malam cewa ya yi, "Ni ma don kada a cire na zo. Ta baya za a shiga, ba a taɓa gaban zinariyar. Alkawari ba nawa ba ne, tun da ba ni zan yi aikin ba, amma yanzu akwai dama."

Ranar hutunsa ya shiga mota da ita da Gide ta Funtuwa har Zariya, ya yi wa likita bayani da kansa don kada ta ji an yi Turanci a kanta. Ta yi ta komawa har aka gama aikin. Ƙurjin ya baje, haƙorin yana nan.

Malam Maharazu, kai ne ka ji an ce ciwo ya yi shiru, hankalinka ya tashi. Kai ne ka duba bakin tsohuwa, ka gane abin da take tsoron rasawa. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun nan ya yi albarka. Ku kuma samarin da ake turowa ɗakunan shan magani da sababbin fararen riguna, ku yi koyi da shi: ku tambaya, ku saurara, kafin ku miƙa hannu ga ƙarfe.

Da na je Mabai na gaya wa Hajiya Malam zai ajiye aiki, na ce ko tana da saƙo. Ta ce, "Ka hwaɗa mashi, duk sallar da na yi wa Alhaji addu'a, da shi nike haɗawa."