Magulmacin Inna

Injiniya suke ce masa a layin masu gyaran waya, ko da yake bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Mutum ne mai hannu. Ka kai masa wayar da ta faɗa miya, zai buɗe cikinta, ya busa, ya ɗiga dalma, ta tashi tana waƙa. Yanzu in ka je shagon za ka same shi ya sunkuya kan tebur, gashi ya fara fari, ba ya hira da kowa. Da ba haka yake ba.

Gidan da aka haife shi yana bakin kogi, can gangare, kuma Innarsa tana ciki ita kaɗai tun rasuwar mahaifinsa. Shi kuwa ya kama haya a bene, a unguwar tudu. Ya yi magiya ta dawo wajensa, ƙanwarsa ma ta yi, Inna ta ce ita ba tsuntsuwa ba ce da za ta kwana a sama.

Saboda haka duk damina, da an yi ruwa mai ƙarfi, sai ya rufe shago ya gangara. Ya zagaya bayan gida ya dubi inda kogi ya kai a jikin katanga, sannan ya dawo tsakar gida ya zauna. Inna ta zuba masa abinci, ta tsare shi da labarin ciwon gwiwarta da kajin maƙwabta. Yana ci yana duba agogo. Ita kuwa damina ta fi mata kowane lokaci daɗi, kowa ya san dalili in ban da shi.

Wata shekara dabara ta faɗo masa. Ya samo tsohuwar kwamfutar hannu da mai ita ya manta, ya kafe ta a bangon falonsa kusa da makunnin fitila. Ya yi makonni yana fama da ita har ya koya mata jawo ma'aunin kogi daga hukumar ruwa, da hasashen masu duba yanayi, ta haɗa su cikin ɗan akwati a tsakiyar allo. Kore, lafiya lau. Rawaya, a shirya. Ja, a gudu. Amma ma'aunin hukuma yana can nesa wajen gada, don haka ya ƙera 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ya ɗaure ta a katangar bayan gidan Inna. Ruwa na taɓa ta, allon falo zai yi ja, wayarsa ta hau kururuwa.

"Inna, kin huta, na huta," in ji shi. "Daga kan kujerata ina ganin bayan gidanki."

Ta dubi abin ta taɓe baki. "Wato ka ajiye min magulmaci."

Aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. Maƙwabta suna hawowa kallo, matarsa tana duba allon kafin ta yi shanya. Sai dai an ce zumunci a ƙafa yake, shi kuwa Injiniya ya ɗauki nasa ya liƙa a bango. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ɗaga kai ya ga kore, ya koma kan aikinsa. Damina ta raba tsakiya bai gangara ba. Abincin da Inna ke ajiyewa a rufe, kajin maƙwabta ne suka ci moriyarsa.

Rannan da rana tsaka wayarsa ta hau kururuwa. Ya bar shago a buɗe, ya isa gangare yana haki, ya tarar da kogi kwance abinsa can ƙasa. Inna na zaune kan tabarma, kwano a rufe gabanta.

"Tunda ka zo ai sai ka ci," ta ce.

Ya ɗauka na'urar ce ta samu matsala, ya kwance ya duba, bai ga komai ba. Aka sake haka. A karo na gaba ya zo ta bayan gida, sai ga Inna tsaye da buta tana tsiyaya wa magulmacin ruwa a hankali, kamar mai ban ruwan shuka.

Da wani ɗan ne, da ya yi dariya, ko ya ji kunya. Injiniya zuciya ta ɗebe shi. Ta inda ya shiga ba ta nan yake fita ba: ya bar aikin mutane, ya kusa faɗuwa a babur, abin ceton rai ne ba abin wasa ba.

"Da girmanki, Inna? In ya sake kuka yaya zan yi in san gaskiya ne?"

Ta ajiye butar. Ba ta ɗaga murya ba. "Yi haƙuri, ɗan nan. Ba zai ƙara kuka saboda ni ba."

Ya tafi bai ci abincin ba.

Ruwan da ya zo, bai zo da hadari ba. An sheƙa shi ne can sama, a garuruwan da ba su sani ba, ya gangaro da hantsi rana na haskawa. Ma'aunin gada ya koma rawaya, hasashe ya ce sai yamma abin zai yi tsanani. Injiniya ya duba a wayarsa, ɓangaren gidan Inna kore shar. Ya ce bari ya ƙarasa wayar da ke hannunsa, in ya tashi sai ya je ya ɗauko ta. Ashe kogi ya fasa ta wani kwari ya shigo unguwar ta baya.

Masu kwalekwale suka same ta tsaye kan gado, ruwa ya kai mata ƙirji, hannu ɗaya a sama. Suka ɗauka taimako take nema. Ƙulli ne a hannun, leda cikin leda. Ashe da ta ga ruwa ya doso katanga, ta lallaɓa da gwiwar nan tata ta kwance magulmacin, ta naɗe shi, ta riƙe shi sama da kanta har aka zo.

A asibiti ya durƙusa bakin gadon. Sanyi ya riga ya kama mata huhu, numfashi da ƙyar.

"Inna, don me? Da kin bar shi ya jiƙe, da na zo."

"Za ka ce ni ce da buta," ta ce. Ta miƙa masa ƙullin. "Duba, ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Ba ta tashi daga gadon nan ba.

Har yau allon yana bangon falo. Matarsa ta roƙe shi ya cire, ƙanwarsa ta daina shiga falon gaba ɗaya. Ya ƙi. Na'urar tana cikin aljihun teburinsa a shago, a ledarta, yana canja mata batir in ya yi sanyi. Gidan gangare ya rushe, ciyawa ta cinye tsakar gidan, amma kullum ya dawo daga aiki allon yana gaya masa gidan Inna lafiya lau.