Ranar da Na Hau Gawo da Gatari

Ni ɗan Bacirawa ne, a rumfar atamfa na tashi. Na san yadi, na san almakashi, amma a lokacin da nake neman auren matata ko gero da dawa ba na bambancewa sai sun fitar da kai. Ita kuwa 'yar wani ƙauye ce a bayan Minjibir, kuma mahaifinta ya yi wata huɗu yana ja mini rai. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Labari ya zo mini cewa abin da ke damunsa ɗaya ne: anya hannun ɗan birni zai iya riƙe iyali?

Wannan magana ta tsaya mini a wuya. Wata Asabar da damina na shirya na tafi, wai zan taya su noma. Na tarar Baba, wato mahaifin nata, ya tafi jana'iza a maƙwabta, Inna mahaifiyarta kuma tana fama da jiƙaƙƙen kara, hayaƙi ya cika gidan har tana hawaye. Da na leƙa gona sai ga wata ƙatuwar bishiya a tsakiyar gero, ko ganye ɗaya babu a jikinta, alhali ko'ina kore shar. Na ce a raina, mutanen nan da sakaci suke, ga busasshen itace har ya yi musu yawa suna shan hayaƙi.

Na ari gatari na hau. Ƙaya ta yayyage mini riga, tafin hannuna ya yi bororo, ban fasa ba. Na yi mamakin yadda busasshen itace yake da danshi a ciki, amma mai neman suna ba ya tsayawa tambaya. Babban reshe ya faɗi, ya kwantar da gero kunya uku.

Daidai nan Baba ya iso. Ya dubi reshen, ya ɗaga kai ya dube ni. Ka san kunyar da ke tsakanin mutum da mai neman 'yarsa, ba zai yi mini faɗa ba.

"Sannu da aiki, Malam," ya ce. "Me gawon ya yi maka?"

"Ai ya mutu, Baba. Inna ce ba ta da itace."

"Ikon Allah. Shekara sittin yana mutuwa duk damina, yana tashi da rani. Kai ne ka fara yi masa gaggawa."

A saman bishiyar na ji karatun daga bakinsa. Ashe gawo da damina yake zubar da ganye, geron da ke gindinsa ya sha rana ya samu taki. Da rani kuma ya yi ganye, awaki su ci 'ya'yansa. Kakan Baba ne ya bar wannan tun yana tsiro. Wallahi da reshen da nake kai ya karye da ni, da na fi samun sauƙi.

Na sauko, na tabbata aure ya tafi. Na durƙusa zan ba da haƙuri, sai ya ce in nuna masa hannuna. Ya juya shi, ya daɗe yana kallon bororon da ya fashe.

"Kai babu sani, amma hannun ba na rago ba ne," ya ce. "Ka turo manyanka ranar Juma'a. Gatarin dai ka mayar wa mai shi tun yanzu."