Kwalliyar da Muka Yi wa Makaranta

Shekaranjiya da safe na je gaida Baba, tun daga ƙofar zaure ƙanshin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ya tare ni. An jiƙa ta a tsohon bokiti, an jingine tsintsiyar kaba a gefe. Wasu Sallah wannan ƙanshi yake tuna musu. Ni kuwa da na shaƙe shi sai fuskar taubashiyata ta faɗo mini a rai tana dariya da wushiryarta. Bari in gaya maka dalili, don kada ka ce matar nan haka kawai take ƙyashin 'yar uwarta.

Ƙauyenmu yana bayan Danchadi, a ƙasar Bodinga. Da damina gero da dawa, da rani kowa ya gangara fadama wajen albasa. Makarantarmu ta firamare 'yan ɗakuna ce a bakin gari, kwanon rufi duk ya yi tsatsa, kuma a ƙasa muke zama, sai wanda uwarsa ta tuna ta ba shi buhun taki ya shimfiɗa. Babu ruwa, babu makewayi. Idan ƙishirwa ta kama aji, mu 'yan mata ake tasa mu ɗauki bokiti mu tafi rijiyar fadama, kafin mu dawo an gama lissafi an shiga wani darasin. Maza na zaune, nasu sha ne kawai. Idan kuwa uzuri ya kama yarinya, sai ta zagaya bayan makaranta cikin sabara, tana tsugune tana waige.

Ina aji biyar jikina ya fara nuna girma. Wata rana Inna tana mini kitso ta ce, "Ɗiya in ta kai haka ba ta tsuguno cikin sabara ga idon maza. In shekarar ga ta ƙare, kin gama." Ban yi mata musu ba, amma na yi kukana a bayan rumbu. Ina son boko sosai, kuma ba yabon kai ba, duk da rabin darasina a hanyar rijiya nake yin sa, babu namijin da ke kama ƙafata a lissafi.

Taubashiyar tawa ɗiyar goggona ce, ƙanwar Baba da ke aure wajen Lambara, a ƙasar Shagari. Sa'ata ce, ajinmu ɗaya, makarantarsu kuma ba ta fi tamu da komai ba. Ka san tsakanin taubasai, ta zage ka ka zage ta, kuma dole a yi dariya. Ni nake cin galaba a kanta a lokacin, don ko jimlar kuɗin albasa aka ba ta sai ta haɗa da yatsun ƙafa.

Da bazarar shekarar, zafi ya kai inda ya kai, hedimasta ya zo ƙofar mai gari da labari. Wata ƙungiya za ta ba makarantun ƙauye tallafi: famfon tuƙa-tuƙa, da makewayin 'yan mata mai ƙofa, da bencin zama, har da kunun safe, wai don ɗan talaka da ɗan mai hali, mace da namiji, su zauna aji babu wanda ya fi wani. Amma ba kowace makaranta za a ba ba, sai an turo mutane sun zagaya sun duba. Da na kai wa Inna labarin sai ta ce, "In sunka gina makewayi mai ƙofa, ki ci gaba." Ranar ko tuwon kirki ban iya ci ba don murna.

Dattawa suka taru gindin dogon yaro na ƙofar masallaci, Baba na cikinsu, don shi ne shugaban iyayen yara. Duk bayanin da hedimasta ya yi, kalma ɗaya ce ta shiga kunnensu, baƙi na zuwa. A garinmu kuwa baƙo ba ya ganin rashi. Kakata tana iya miƙa ƙwarya ta kan katanga ta aro shinkafa, da dai baƙo ya ga tuwon dawa da miyar kuka a gabanta. Rufin asiri muke ce masa, kuma da shi aka raine mu. Suka kuma lissafa cewa tunda zaɓe za a yi, ai garin da ya fi karrama baƙi shi za a zaɓa. An ce hedimasta ya ɗan gyara murya ya ce, "Ranka shi daɗe, ko a bar su su ga abin yadda yake?" Mai gari ya dube shi ya ce, "Malam, kai baƙo ne a garin ga, shi ya sa."

Aka shiga aiki. Samari suka haƙo farar ƙasa aka shafe makaranta ciki da waje har tana ɗaukar ido. Aka liƙe ɓulin kwano da kwalta. Aka aro bencin mai shayi, da na teloli, da kujerun zauren mai gari. Aka kafa sabuwar zana a bayan aji, aka aje buta a bakinta, wanda ya hango daga nesa zai rantse makewayi ne, alhali ciki ko rami babu. Kowane gida ya kawo randa, aka jera su a inuwa, aka rufe da faifai masu launi, da moɗa a kan kowace. Mu 'yan mata muka cika su. Kwanaki muka yi muna safa tsakanin fadama da makaranta cikin wannan zafi, har gammo ya cinye mini gashin tsakiyar kai. Ban yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Duk bokitin da na juye, a raina famfo nake biya.

Aka ce kowane yaro ya zo da kayan Sallah. Mara takalmi ya aro, wanda bai samu aro ba aka ce ya yi zamansa a gida ranar. Wato yaran da aka yi tallafin dominsu su ne aka ɓoye a bayan ɗaki. A lokacin babu wanda ya ga aibin haka, har ni.

Da hantsi farar mota ta iso, maza da wata mata mai tabarau. Muka yi musu waƙar maraba, aka kawo fura da nono da soyayyun kaji. Matar ta zagaya aji ta ga yara fes a kan benci, ta hango zana ta gyaɗa kai. Ta buɗe randa ta ɗebi ruwa ta sha, sanyinsa ya sa ta lumshe ido. Ina tsaye kusa da ita, wuyana ko juyawa ba ya yi. Ta dubi Baba ta ce, "Baba, me kuka rasa a makarantar nan?"

Baba ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya. Ba mu rasa komi ba, sai godiya."

Ba ƙarya ya nufa ba. Haka ake amsa wannan tambaya a wurinmu, ko da yunwa mutum ya kwana. Wanda ya san mu ya san bayan alhamdu lillahi akwai magana, sai an zauna an lallaɓa take fitowa. Matar ba ta zauna ba, akwai wasu ƙauyuka a gabanta. Suka shiga mota suna ta yaba garinmu. Kafin la'asar mai shayi ya ɗauke bencinsa, kowace randa ta koma gidansu.

Su taubashiyata kuwa, saƙon bai ma iso musu ba. Motar ta faɗa musu ranar kasuwar Shagari, dattawa duk sun tafi. Baƙi suka tarar da yara zube a ƙasa, rabin 'yan mata suna rijiya, akuya kwance a ƙarƙashin allo, ko ruwan sha ba a samu an ba su ba. Goggo ta zo gidanmu tana hawaye, wai garinsu ya ji kunyar da ba za ta wanku ba. Baba yana ba ta haƙuri, amma ina ganin yadda yake shafa gemu yana jin daɗin nasa garin. Ni ma na samu abin tsokana, na riƙa kiran taubashiyata 'yar ajin akuya.

Bayan damina labari ya iso cewa su aka ba. Mu an ce makarantarmu tana da hali, a yi koyi da ita.

Da kaka aka yi suna a gidan goggo muka je. Ko ruwa ba ta bari na sha ba, ta ja hannuna sai makarantarsu. Ga famfo a tsakar fili, an zagaye shi da siminti. Ta kama hannun famfon da hannu ɗaya, da gangan, ta danna, ruwa ya ɓulɓulo yana zuba a ƙasa a banza, ita ko kallonsa ba ta yi, ni take kallo. Ta kai ni makewayi, ƙofarsa shuɗiya, da sakata ta ciki. Ta shiga ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa don in ji ƙarar sakatar. Sannan ta leƙo ta ce, "Ku ai masu hali ne, mi za ku yi da famfo? Kuna da randuna."

Na yi dariya, don taubasantaka ta ce in yi. Amma wallahi hassada ce ta cika ni har wuya. Ban ɓoye maka ba, na yi fatan famfon ya lalace, na yi fatan iskar damina ta yaye rufin makewayin. Ƙarar sakatar nan ta bi ni har gida, kuma har yau idan na ji an ja sakata sai na ji ta a haƙorina.

Shekara ta ƙare, Inna ta cika maganarta. Ban ga laifinta ba. Na koma fadama, na iya shukar albasa da ajiyarta a rudu, rumfar da ake adana ta, kuma da ita nake rufa wa kaina asiri har yanzu. Ita kuwa mai ƙirga da yatsun ƙafa ta wuce sakandare, ta wuce makarantar koyon aikin lafiya, yau ungozoma ce a asibiti. Ita ta karɓi haihuwar autata, da hannu mai taushi da farar riga, tana ce mini in yi haƙuri in daure. Ina ƙaunarta, mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa zuwa gidana hannu sake ba. Duk da haka idan na ji ƙarar babur ɗinta a ƙofar gida, sai na danne tsohuwar hassadar nan kafin in ce mata maraba.

Yanzu autar tawa ce a aji biyar, a makarantar nan dai. An ƙara ɗakuna, an sake rufi, amma ruwa har yau 'yan mata ne ke ɗebowa, kuma sabara tana nan inda take. Kwanan baya aka ce wani tallafin ya fito, masu dubawa na tafe. Ina cikin ƙungiyar iyaye mata, na tashi a taro na ba su labarin nan kaf, na ce duk wadda ta kawo randa ni da ita ne. Aka yi dariya, amma aka yarda.

Shi ya sa da na ga bokitin nan a zauren Baba, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "An ce baƙi na tahowa makaranta."

Na ce, "Bana ba za a shafa ba, Baba. Mun yanke a bar ta yadda take."

Ya daɗe yana kallona da idanunsa da suka fara hazo, sannan ya ce, "Ku bar mutane su ga tsiraicinmu?"

Na ce, "Su gani, Baba. Wancan karon da ba su gani ba, ni na biya."

Ban taɓa gaya masa haka ba sai ranar. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Yau ne ranar zuwan nasu. Autata ta fito da rigar makarantarta mai faci a kafaɗa, da silifa wanda aka ɗaure igiyarsa da waya. Ban san lokacin da na shiga ɗaki na ɗauko takalminta na Sallah ba. Na fito da shi har ƙofar gida, ta riga ta yi gaba, bokitin rijiya a hannunta. Bakina ya buɗe zan kira ta, na rufe shi. Na tsaya riƙe da takalmin har ta sha kwana, kunya tana cin fuskata kamar ni za a duba.

Da na waiga wajen gidanmu sai na hango Baba tsaye da ƙyar, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya riƙe da tsintsiyar kaba. Bangon zaurensa yake shafa wa farar ƙasar, don ta nan motar baƙin za ta wuce.