Saura Fitila Ɗaya a Inkil

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Sale mai gyaran tsofaffin fitilu na Ƙofar Wambai ya rasu.

Yau da safe ina neman takalmina zan tafi makaranta, ɗansa Auwalu ya kira ni. Wai Baba ya dawo daga sallar asuba, ya ce kansa na sara masa, ya ɗan kishingiɗa a zaure. Shi ke nan.

Wallahi ba rasuwar kaɗai ce ta sa nake wannan rubutu ba. Don Allah ku karanta har ƙarshe, akwai ran mutum a ciki.

Waɗanda suka san ni sun san haukata a kan tsofaffin fitilu. Maigidana cewa yake falonmu ya koma gidan tarihi. To, Baba Sale ne ya koya mini wannan haukar.

Ranar da na fara zuwa rumfarsa, fitilar ƙwai ta mahaifina na kai masa a leda, duk ta yi tsatsa, gilashin ya fashe. Kowa ya ce in jefar. Shi kuwa hannu biyu ya sa ya karɓa, ya ce, "Malama Ladi, wannan ai ta girme ki, a daina sa ta a leda."

Sati uku yana neman gilashin da zai yi mata daidai.

Shi ya nuna mini yadda ake goge tagulla da lemun tsami da toka. In na dirza da ƙarfi sai ya ƙwace tsumman. "Uwar gaggawa! Fitilar nan ta yi shekara hamsin tana jiran ki, ba gudu za ta yi ba."

Ranar Alhamis da ta wuce na dawo daga aiki, na tarar da shi a ƙofar gidanmu da jakar kayan aikinsa. Ko waya bai yi ba. Ko ruwan da na kawo bai sha ba, ya ce a ba shi kujera. Dattijon nan ya hau, ya sauke fitilata ta silin mai rassa shida, wadda ya sa wa sabuwar wayar wuta watan jiya.

Ya yanko guntun wayar ya kankare da wuƙa. Jan ya fita, ciki fari fat.

Ya ce, "Kin gani? Ba tagulla ba ce, shafa mata aka yi. An cuce ni, ni kuma na kai cutar gidajen mutane. In ta daɗe a kunne zafi take ɗauka, robar ta narke, sai gobara."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ran nan.

Ya ce fitila biyar ya yi wa aiki da wayar, kuma duk zai bi su gida-gida ya canja. Wadda ta fi damunsa ta wata tsohuwa ce a unguwar Inkil. Fitilar kananzir ce ta mijinta marigayi, ya mayar mata da ita ta lantarki. Da kansa ya je ya rataya mata, dab da gidan sauronta, saboda ta ce ba ta iya barci a duhu. Ya koma ranar Laraba ya tarar da gidan a kulle, maƙwabta suka ce ta tafi suna, sai Lahadi za ta dawo.

"Litinin da sassafe ina ƙofarta, in Allah Ya yarda. Bari ma in kwatanta miki gidan, ko da..."

Ni kuma, Allah Ya yafe mini, agogon waya nake ta kallo. Ina da mitin ɗin iyayen yara ƙarfe huɗu. Na ce, "Haba Baba, ko da me? Kai da za ka je da kanka. Sai na dawo ka ba ni labari."

Ya yi murmushi ya ce, "Uwar gaggawa."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Yau ce Litinin ɗin.

Bayan an kai shi makwancinsa na shiga gaisuwa wajen matarsa, Inna Hajara. Kunya ta kama ni, mata ana kuka ni ina tambayar fitila, amma na daure. Ta ce Juma'a da Asabar duk yawo ya wuni yi. Jiya da la'asar yana shirya jakarsa ya ce mata, "Alhamdulillahi, saura ɗaya."

Jakar tana nan a zaure, da sabuwar waya a naɗe a ciki.

Inna ba ta san gidan ba. Auwalu direba ne, bai san harkar rumfa ba. Baba ba ya rubuta sunan kowa, a kansa yake riƙe komai. Masu rumfunan kusa da shi sun tuna wata tsohuwa da ta zo da fitila a ƙunshe cikin zane, amma babu wanda ya san sunanta. Sun ce ko wayar hannu ba ta da ita.

Mun je Inkil da Auwalu bayan azahar. Mun tambayi masu shago, mun tambaya a masallaci. Unguwar ta faɗaɗa, sabbin gidaje ko'ina, kowa sai ya ce, "Wace tsohuwar?" Ni kuma ban tsaya na ji kwatancen ba. Minti biyu kacal zai ɗauke shi.

Tsoro nake ji, jama'a. Tsoro sosai.

Ga iya abin da na sani. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana zaune a Inkil. Ta je suna satin jiya, ana sa ran jiya ta dawo. Baba ya ce fitilar ta tagulla ce mai koren gilashi, da ƙwan lantarki a ciki, rataye kusa da gadonta. In kakarka ce, ko gwaggonki, ko maƙwabciyarku, kar ka tsaya yin komen a nan. Tashi ka je ka zare fitilar daga soket, sannan ka yi mini magana ta inbos. Ku tura wa duk wanda kuka sani a Inkil, ku faɗa wa waɗanda ba sa hawa Fesbuk.

Ya Allah Ka jiƙan Baba Sale, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa. Ka san bai yi da gangan ba, Ka san da niyyar gyarawa ya kwana. Kar Ka bari wannan fitila ta zama abin da za a tuna shi da shi.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Sannan ku taya ni da wata guda. Masu shagon sun ce tun shekaranjiya babu wuta a Inkil, kowane lokaci ana iya kawowa. Tunda nake ban taɓa roƙon wannan ba sai yau: Allah Ya sa kar a kawo wutar nan sai mun sami gidanta.