Tukwanen Iya Ladi da Ba a Gasa Ba

Ina ɗakin gwaji na wani asibiti a Kano, inda nake koyon aiki, Kawu Sale ya leƙo ta taga. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce, "Habu, Iya ta cika da asuba." Na yi salati na zauna, rinin gwaji yana bushewa a yatsuna.

Iya Ladi kakata ce, maginiyar tukwane a Wudil. Ranar gashin tukwane, bayan isha, mukan kewaye wutar mu jira ta lafa. Ita kuma ta miƙe ƙafa ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya ta hauro daga kogi." Idan na fara gyangyaɗi ta zungure ni da kara. "Angon banza! Ko turmin atamfa ba ka saya mini ba, sai barci."

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta wasu mitsi-mitsin halittu na kogi, waɗanda jikinsu ruwa ne zalla. Suka je wajen maginiya, suka roƙa ta gina wa kowa gida. Ta yi wa wani kewayayye kamar tulu, wani dogo kamar taɓarya, wani lanƙwasasshe kamar lauje. Kowa ya ɗauki siffar gidansa. Da suka sami wurin fakewa sai suka fara shiga cikin mutane suna ɓarna. Wani maharbi ya bi su da dutse, wanda ya fasa wa gida sai ya tsiyaye ya mutu. Saura ɗaya, siriri, wanda maginiya ta shafe bangonsa da man kaɗanya. Dutse ya same shi sai ya zame.

"To, yaya aka yi da shi, Iya?"

"Wuta ta faɗi, angona. Bari in duba tukwanena." Kullum a nan take tsayawa.

Da na girma na duba madubin likita, sai na ga mutanenta: ƙwayoyin cuta kewayayyu, da dogaye, da lanƙwasassu. Malaminmu ya ce bangon jikinsu ne ke ba su siffa, kuma fenisilin hana su gina bangon yake yi, sai su fashe. Na yi dariya ni kaɗai, na ƙudurta sai na kai Iya ta gani.

A shekarun nan kuɗin mai ya shigo, babura da rediyo sun cika gari, mutanenmu kuma sun yarda babu ciwon da allura ba ta kashewa. Da tari ya kama Iya, Kawu ya riƙa ɗauko mai allura daga bakin titi yana yi mata fenisilin. Don ƙauna ya yi. Sai da ta rame na zo hutu, na tafi da abin da take tofarwa. A madubi na ga sirara, jajaye bayan rini. Tarin fuka ne. Bangon ƙwayarsa maiƙo gare shi, fenisilin ba ya kama shi. Akwai maganinsa daban, mun fara ba ta, amma huhun ya riga ya cinye.

Ranar da na yi mata bayani, ta yi murmushi ta ce, "Ashe kun gamu da shi."

Na daɗe ina tunanin ko ita ma ba ta san ƙarshen labarin ba ne. Ban tambaye ta ba, ban kuma kai ta ga madubin ba. Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga rumfarta. Tukwanenta na ƙarshe suna jere a inuwa, ba a gasa su ba.