Sai Baba Mai Gadi Ya Ɗaga Sanda

Da an tashi daga makaranta, kowa ya kama hanyar gida, Malamin wasan kwaikwayo sai ya tura bencuna gefe, ya ɗaura tsohon zanen gado a igiya ya zama labule, ya zaunar da Baba mai gadi can ƙarshen aji. Baba kunnensa da nauyi. Dokar Malam ɗaya ce: duk abin da yaro ya faɗa, in Baba bai ɗaga sanda ba, bai faɗa ba.

"Kai sarkin gunaguni, da aljihunka kake magana?" Haka yake tsokanarsu har su buɗe baki.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da idona ya gani zan faɗa. Tun da 'yata ta rasu, jikata Auta ta daina magana. Kawunta ya ce a cire ta daga makaranta, zamanta ba amfani.

"A bar min ita zuwa ranar wasa," in ji Malam.

"In ba ta yi magana ba fa?"

"Sai ku tafi da ita."

Bai matsa mata ba. Da fari labule take ja, daga baya ya ba ta magana ɗaya tak, ta yi sallama ta ce ta dawo. A gwaji leɓenta kawai ke motsi, sandar Baba tana ƙasa.

Ranar wasa aji ya cika. Yarinyar da ta fito a matsayin uwa ta shigo, sai na zuba mata ido. Zanen marigayiya ne a jikinta, innar Auta, ƙanwar marigayiyar, ce ta haɗa shi cikin kayan aro ba ta lura ba. Auta ta tsaya ƙyam tana kallon zanen. Aka fara ƙus-ƙus. Kawunta ya miƙe yana gyara hula. Shugaban makaranta ya yi nuni a ja labule, Malam ya riƙe igiyar gam, gumi na zuba masa, ya ƙi saki.

Can sai muka ji, "Mama, na dawo!"

Baba ya ɗaga sanda har ta bugi silin. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Kawunta ya koma ya zauna.

Malam, yanzu ga shi ka ajiye aiki. Kai ne mai haƙurin jiran bakin da ya rufe. Ba ka dawo min da 'yata ba, wannan sai Allah, amma ka dawo min da muryar 'yarta. Allah ya saka maka da alheri. Malaman da ka bari, don Allah kada ku kwance igiyar nan, akwai wasu yaran da ke jira.

Auta kuwa, yanzu don yawan surutunta sai na ce, "Ke, ki bar ni in ji da kunnena!"