Yadda Ƙanena Ya Koyi Haɗiye Fushi

Muna yara a unguwar Gwange, babu gidan da bai san ƙanena ba. In ya yi fushi sai ya yi jifa da duk abin da ke hannunsa, ya faɗi ƙasa yana birgima. Mahaifiyarmu kuma ba ta da sanyin baki. Ya yi ihu, ta yi wanda ya fi nasa, har maƙwabta su leƙo.

Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa. Wata rana da hantsi ya zo yana taɓa mata itacen da ta shanya, ta kore shi. Sai ya ɗauki kaskon turarenta ya buga da ƙasa. Ta zaro takalmi ta yi kansa.

Kaka, wadda ta haife ta, tana zaune a gindin darbejiya. Ta ce wa mahaifiyarmu, “Zo nan tukuna. Zauna, sha ruwa.”

“Ni ce zan sha ruwa? Shi fa ya yi ɓarna!”

“Na gani. Amma ke ce babba. A bakinki yake koyon ihun nan.”

Mahaifiyarmu ta zauna tana huci, ta shanye moɗa guda. Ƙanena, da ya riga ya kwanta yana jiran duka, ya ɗago kai yana mamaki. Da ta huce ta tambaye shi abin da ya sa. Ya ce shi so yake ya taya ta aiki, amma kullum sai ta ce ya tafi.

Ta sa ya kwashe fasassun da kansa, sannan ta ba shi aikin tsince itace. Daga ranar aka kafa doka: wanda ransa ya ɓaci, randa zai fara nufa, babba ko yaro. Ba a rana ɗaya suka gyaru ba. Ita ma takan manta, sai ya miƙo mata moɗa, mu kuwa mu yi ta dariya.

Akwai ranar da wani yaro ya zage shi a wajen ƙwallo. Ƙanena ya ce masa, “Tsaya nan, ina zuwa!” Ya sheƙo gida a guje, ya sha ruwa, ya koma. Kafin ya isa har an ci gaba da wasa, sai kawai ya shiga ya tsare musu gida.